Likitan Auduga da Tarin Matarsa

Likitan Auduga ake ce masa, ko da yake sana'arsa sayar da taki ce a wani ɗan shago mai warin buhu. Da ganye ya sauya launi sai manoma su aiko, ya tafi yana taƙama, matarsa na biye da lema.

Karatun ba shi da yawa, amma yana ci. In sabon toho na sama ya ɗashe, ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi, sinadarin manganis shukar ta rasa. In tsofaffin ganyen ƙasa suka yi ja, jijiya tana nan kore, magnisiyam ne. Matsalar guda ce: tun da aka haifi bawan Allah bai taɓa bambance ja da kore ba. Matar kaɗai ta sani. In ta ga ja sai ta yi tari, shi kuma ya gyara tsayuwa ya yanke hukunci. A haka suka tsufa, har mutane na yi mata sannu da jiki.

Rannan baki ya ja masa. Wani ya yaba ƙoƙarinta, shi kuwa ya ce, “Wannan? Inuwa kawai take yi mini.” Washegari ƙanenta ya aiko, gonarsa ta rikice, ita kuwa ta ce ƙafarta na ciwo.

Ya isa ya tarar da taro. Ya tsuguna, ya juya ganye, ya shinshina, har lasa ya yi. Duk launi ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, don yau asiri zai tonu, a gaban dangin mata kuwa.

Can ya dubi mai gonar. “Kai me ka gani?”

“Ja, Yaya, daga ƙasa.”

“Madalla. Gwada ka nake.”

Aka yi ta yabo, wai likita ya fara koyarwa. Ya dawo gida yana ba ta labari har da kwaikwayon murya, yana dariya yana cewa ashe abin ba wuya.

Ta gama ninke kayan wanki tukuna. “To, na huta,” in ji ta, ba ta ɗago ba.

Sai dariyar ta maƙale masa. A tsawon aurensu, hanyar gona ce kaɗai inda suke hira.

Da aka sake aikowa ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

“Manoman nan ban yarda da idonsu ba,” ya ce. “Ya ƙafar? In da saura, sai mu tafi a hankali.”