Giwar da Baba Ya Harba

Sama da shekara talatin mahaifina ya yi yana gadin daji a ƙasar Bauchi. Aikinsa bin sawun namun daji a ƙafa, da korar mafarauta, da raka baƙi masu zuwa kallo. Ina yaro ban taɓa alfahari da wannan aiki ba. A makarantar kwana in aka tambaye ni sana'arsa, sai in ce ma'aikacin gwamnati ne, in ja bakina.

Na yi shekara goma sha biyu a Amurka kafin ya zo wurinmu a Fort Washington, don a cire masa yanar ido. An yi aikin na dama, ana jiran na hagu. A bayan gida yake wuni, kan kujerar roba, yana kallon barewar da ke fitowa daga cikin itatuwa tana cinye furannin matata. Ya ce bai taɓa ganin naman daji mara kunya irin na ƙasar nan ba.

A ofishin da nake aikin injiniya, can unguwar Southwest, akwai wata Baturiya da ta kusa ritaya. Ita da mijinta sun daɗe suna shirin zuwa wani gandun namun daji a gabashin Afirka, irin wanda masu ƙasa ke bar wa dabbobi filinsu, a kafa masaukin alfarma a tsakiya. Mijin ya rasu kafin lokacin ya yi, ta tafi ita kaɗai. Da ta dawo ta ji abin da mahaifina ya yi a rayuwarsa, sai ta nace mu zo cin abincin rana wata Lahadi, ta nuna masa hotuna.

Kifi ta gasa mana, don kada mu yi shakkar nama. Bayan mun ci ta jona hotunan a talabijin, ni kuma na zauna tsakaninsu ina tafinta. Ta fara da ɗakin da ta sauka. Tanti ne, amma ya fi falona girma, da gado mai farin gidan sauro, da bahon wanka na tagulla yana fuskantar fili. Ta ce da asuba ake kawo mata shayi, da yamma kuma a kafa tebur a gindin itace, a ci abinci ana kallon raƙuman dawa.

Baba ya ce, "Madalla. Tambaye ta, masu bin sawun fa, ina suke kwana?"

Na tambaye ta. Ta ce ba ta sani ba, kuma yanzu ne ta lura ba ta tambaya ba. Baba ya ce in gaya mata ba laifi, baƙinsa ma ba su taɓa tambaya ba.

Aka wuce zakuna, aka wuce ɓauna, sai ga wata giwa ita kaɗai a bakin ruwa. Baba ya tashi ya matsa kusa da talabijin, ya rufe idon hagu da tafin hannu.

Ya ce, "Wannan tarkon waya ya taɓa kama ta. Dubi ƙafar gaba, ba ta ɗora nauyi a kai."

Matar ta ce haka ɗan rakiyarsu ya faɗa musu. Baba ya koma ya zauna. Sannan ya soma wani labari, yana tsayawa bayan kowace jimla don in juya.

Ya ce akwai wata tsohuwar giwa da ya sani tun farkon aikinsa, mai tsagaggen kunne. Da ya ga sawunta yake gane ta. Wata damina tarko ya kama ta, ƙafar ta ruɓe, ta kasa bin garke. Sai ta koma shiga gonakin ƙauyen da ke bakin daji, don dawa ba ta gudu. Wata safiya ta taka wani manomi, ya mutu ya bar 'ya'ya huɗu. Aka ba da umarni a kashe ta, kuma shi aka ba bindiga, don babu wanda ya san hanyoyinta kamarsa.

"Kwana uku ina bin ta," in ji shi. "Tun ranar farko na cim mata, na ƙyale ta. Na koma na ce ban gan ta ba. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku na same ta a bakin rafi, ta tsoma ƙafar cikin ruwa. Ta juyo ta dube ni, ba ta motsa ba."

A nan Turancina ya tsaya. Ban taɓa jin wannan labari ba, alhali a gidanmu aka yi shi, ina aji biyu a sakandare. Abin da na tuna kawai shi ne wani hutu da Baba ya daina cin nama, mahaifiyarmu ta ce mu bar shi, cikinsa ne. Baba ya taɓa gwiwata ya ce, "Ƙarasa mata." Na ƙarasa.

Matar ta kashe talabijin, ta tashi ta dafa mana shayi.

A mota muna komawa gida na ce, "Baba, in an gama aikin idon, zan kai ku irin wannan wurin. Ku huta, ku ma a yi muku hidima."

Ya ce, "Ni da na kwana a ƙasa kusa da namun daji, in je in kalle su daga kan kujera?" Can da muka hau gada ya ce, "Amma in da jikata za a je, zan je. Ya kamata ta ga giwa tana tafiyarta ba wanda ya tsare ta."

An yi aikin idon hagu, ya yi kyau. Ya ce zai koma gida ya ga damina, mu shirya tafiyar baɗi. Kafin baɗin zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Ban samu jana'iza ba, sai sadakar bakwai.

Bayan shekara biyu muka je, ni da matata da 'yarmu, muka kwana huɗu a gandun. Komai na jin daɗi an yi mana. Safiyar ƙarshe na roƙi mai bin sawu, wani dattijo siriri, ya bar ni in sauka mu taka da ƙafa. Ya nuna min ƙasa, ya ce ga inda damisa ta wuce, ga inda ta tsaya ta sha iska. Na sunkuya na duba iyakar dubawata, ban ga komai ba sai ƙura da tsakuwa. Na ce masa mahaifina irin aikinsa ya yi. Ya tambaye ni ko ya koya min. Na ce a'a, ban taɓa neman ya koya min ba.