Ranar da Na Tsige Tuffar Baba

Ko da zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na tsige ganyen tuffar Baba ba.

Daga Jos ya taho da dashen, shekara guda kafin rasuwarsa, ya dasa a tsakar gidanmu a Kwaciri. Shekara biyar tana nan, ganye shar, amma ko fure ɗaya babu. Babban yayanmu ya gaji, ya ce wata shida ya ba ta, in ba ta yi 'ya'ya ba zai sare ta ya fitar da shago. Inna dai kullum da safe ita ke ba ta ruwa. Ni kuwa taurin kan Baba na gado.

Na ɗauki hoton bishiyar na kai wa wani dattijo mai sayar da dashe a Sabon Gari. Yana gani ya yi dariya.

"Malama, gata ne ya yi mata yawa," in ji shi. "Wannan irin a Gabas ta Tsakiya aka samar da shi, aka haɗa tuffar ƙasar sanyi da ta ƙasar zafi. Sanyi kaɗan ya ishe ta, amma sai ta zubar da ganye take fure, a Kano kuwa ba ta zubarwa da kanta. In sanyi ya shigo ki rage mata ruwa, ki tsige ganyen tas, ki lanƙwaso rassan ki ɗaure."

Haka na yi. Inna ta dawo daga unguwa ta tarar da bishiya tsirara.

"Ke! Abin da mahaifinki ya bar mana kika kashe?"

Ta fashe da kuka. Kwana uku ba ta kula ni ba, kuma wallahi na tsorata, kullum sai na kankare reshe in ga ko da sauran ɗanye.

A sati na huɗu, da sassafe, na ji Inna tana ƙwala min kira. Fure ne fari mai ratsin ja ya cika rassan! Kafin wa'adin Yaya ya cika, muka tsinki tuffa tara, masu ɗan tsami. Inna ta yanka ta farko da hannunta, ta miƙa masa. Ya tauna a hankali, ya kalli bishiyar, ya ce, "Shagon nan a bar shi kawai."

Tun ranar na gane ba kullum lallaɓawa ce kulawa ba, kuma kafin a yanke wa abu hukunci, a fara tambayar wanda ya san halinsa. Yanzu duk shekara Inna ce ke fara tsige ganyen.