Kiɗan Baba a Hannun Kamfani

Saƙon ya shigo ina tsaye a kasuwar Aziziya, kwandon tumatir a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Na karanta shi sau biyu. Mai tumatir yana ta ce mini, "Yalla, ya shaikh," wato in yi sauri, ni kuwa ban ma san ya miƙo mini canji ba.

Aikina a Riyad gwajin jini ne a wani asibiti mai zaman kansa. Amma 'yan uwanmu na nan ba da wannan suka san ni ba. Da shafina na kokawa a intanet suka san ni. Na buɗe shi ne don kewar gida, ina ɗora guntayen bidiyon kaye, irin waɗanda ake turo mini daga Sakkwato da Nijar. Likitoci manya da ɗaliban jami'a masu dogon gemu duk suna leƙowa, wasu a ɓoye. Akwai wani malami a unguwar Badi'a da ke yi mini wa'azin ɓata lokaci, amma duk sanda na yi kwana uku ban ɗora komai ba shi ne farkon mai tambaya ko lafiya.

Kafin wannan saƙo na riga na sha gargaɗi biyu. Su kam ban yi musu ba, don daga talabijin aka yanko bidiyon, hakkin wasu ne, na goge na yi shiru. Dokar dandalin da shafin yake kai kuwa ba ta da wasa: gargaɗi na uku, a rufe shafi gaba ɗaya.

Wannan karon a kan bidiyon Baba ne. Mahaifina makaɗin 'yan kokawa ne, ya yi tashe a yankinmu tun ban san kaina ba. Bidiyon tsoho ne, wani maƙwabcinmu ya ɗauka a filin ƙauyenmu bayan kaka, hoton duk ya dusashe. Ana ganin Baba rataye da ganga, yana kaɗa taken wani ƙato yana yi masa kirari har ƙaton ya fara tsuma. Saƙon ya ce sautin da ke cikin bidiyon mallakar wani kamfani ne. Aka ba ni zaɓi biyu: ko in cire sautin in bar hoton, ko in ƙalubalanci kamfanin. In na ƙalubalanta na faɗi, shi ne gargaɗi na uku.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Muryar ubana, gangar da na taso ina shanya fatarta, wai ta wani kamfani ce da ban taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya sa ban iya danna "cire sauti" kawai na huta ba shi ne Baba da kansa. Ya daɗe da ajiye ganga, hannunsa rawa yake yi, ko kofin shayi sai an riƙe masa. Samarin ƙauyen yanzu ba su san ko shi wane ne ba. Wannan bidiyon ne ya dawo masa da suna. Ƙanwata takan zauna kusa da shi ta karanta masa abin da mutane suka rubuta a ƙasa, shi kuma ya sa ta maimaita. Duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya gaya masa cewa har ƙasa mai tsarki ana jin kiɗansa. Na sha gaya masa Riyad ba Makka ba ce, ya ce duk ɗaya.

Da na koma gida a unguwar Ulaisha na buɗe fom ɗin ƙalubalen. Suna son cikakken sunana kamar yadda yake a takarda, da adireshin gida, da lambar waya. Sannan in amince za a miƙa wa kamfanin duk wannan, kuma suna iya kai ni kotu.

Matata ta karanta ta bayan kafaɗata. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta fi ni daɗewa a ƙasar, kuma ta fi ni sanin inda ake taka ƙafa. Ta tuna mini cewa iƙamata, takardar zaman da duk gidan ke rataye a kanta, tana hannun mandub, jami'in asibiti mai kula da takardun ma'aikata, ana shirin sabunta ta. Ta ce ba ta san ko ƙarar irin wannan tana isowa nan ba, ni ma ban sani ba, kuma rashin sanin shi ne abin tsoron. Kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, ba ya son ma'aikacin da sunansa ya haɗu da kalmar kotu, ko da mafarki ne.

"Abban yara, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne," in ji ta. "Ka cire sautin, halas, shi ke nan. Ai kana da shi a kwamfuta."

Na ce ina da shi, amma Baba ba don ni yake alfahari da shi ba, don mutane ne. Ta ce to mutanen za su ba mu iƙama? Mun yi kwana biyu muna gaisawa kamar maƙwabta.

Na nemi shawarar wani babban likita ɗan garinmu, wanda yake kamar uba gare mu a nan. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya: ko na tabbata Baba bai taɓa sa hannu a wata takarda ba? Dariya na yi. Na ce mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, wace takarda? Ya ce in kira shi in tambaya dai. Ban kira ba. Ban so hankalin tsohon ya tashi, kuma gaskiya na riga na yanke hukunci, ba shawara na je nema ba, goyon baya na je nema.

A lokacin hutun azahar, a ɗakin gwaji, na cike fom ɗin. Na rubuta cewa mai kiɗan mahaifina ne, kiɗan gadonmu ne, babu wanda ya saya. Na sa sunana da adireshina. Yatsana ya tsaya a kan madannin na ɗan lokaci, sannan na yi bismilla na tura.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Duk ƙarar da waya ta yi sai in zabura in duba. Rannan mandub ya leƙo ɗakin gwaji ya kira sunana, na miƙe har kujera ta kife. Ashe hoton fasfo yake so, wanda na bayar ya tsufa. Ya dube ni ya ce, "Fi mushkila?" Na ce babu matsala. A gida matata ba ta ƙara tayar da maganar ba, sai dai na lura ta haɗa takardun makarantar yara a jaka ɗaya ta ajiye saman kabad.

Amsar ta zo ranar Laraba, ba daga dandalin ba, daga lauyan kamfanin. Wasiƙar gajeriya ce mai ladabi. Ya ce kamfaninsu ya sayi tsofaffin faya-fayan wani ɗakin naɗar sauti da ya rufe, tare da duk yarjejeniyoyinsa. Ya ba ni 'yan kwanaki in janye, in ba haka ba za su ɗauki mataki. Ya haɗo da hoton wata takarda.

Takarda ce da aka buga da tafireta, da Turanci, ta yi ja don tsufa. Ta ce makaɗin ya sallama duk takensa da kirarinsa, wanda aka naɗa da wanda za a naɗa nan gaba. A ƙasa ga dangwalen babban yatsa. Kusa da shi, a gurbin shaida, ga wani sa hannu mai ƙawa da lanƙwasa, irin na wanda bai daɗe da koyon sa hannu ba. Nawa ne.

Sai ranar ta dawo mini ɗungurungum. Ina aji biyu a sakandare, na zo hutu. Wasu mutum biyu suka zo daga birni da mota da na'ura, suka yini suna naɗar Baba a zaure. Da suka gama suka fito da takarda. Baba ya sa aka kira ni, ya ce musu shi ma yana da ɗan boko. Na karɓa na karanta da ƙarfi, ina tauna kalmomin da ban san ma'anarsu ba. Baƙin suna murmushi, mutanen gari sun cika ƙofar zaure suna kallona. Baba ya tambaye ni me ta ce. Na ce godiya ce kawai suke yi, da shaidar an yi aiki. Suka ba shi rediyo da shadda, ni kuma suka ba ni biron da na sa hannun.

A ranar da wasiƙar ta zo na janye ƙalubalen. Na danna inda aka ce a cire sauti. Shafin ya tsira, iƙama ta fito bayan mako guda. Na kalli bidiyon sau ɗaya: Baba yana buɗe baki yana rufewa, hannunsa yana dukan ganga, babu abin da ke fita.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kira ƙanwata ta kai masa wayar. Muka gaisa, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙanwata ta kunna masa bidiyon jiya bai ji komai ba, ko wayar ce ta lalace? Da na so in ce wayar ce. Na dai daure na gaya masa komai, tun daga saƙon farko har takardar.

"Baba, ku yafe mini. Ranar nan ban gane abin da na karanta ba. Ƙarya na yi muku."



"Ai na sani," ya ce. "Tun da ka hwara karatun na ga kunnenka ya yi zuhwa."

"To me ya sa kuka dangwala?"

"Gari duka na tsaye bakin zaure, na riga na ce musu ɗana ya iya. In ce a kira wani ya sake karantawa?"

Na ji yana gyara zama a kan tabarma, yana ce wa ƙanwata ta riƙe wayar da kyau, hannunsa ya gaji.