Naman da Na Riƙa Kai wa Inna

A lokacin da abin nan ya faru, ni bazawara ce mai sayar da shinkafa da miya a bakin tashar Tambuwal. Ina riƙe da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tsufa ya kama ta, haƙoranta duk sun zube. Ana cikin haka ɗan wan babana, wanda muka tashi gida ɗaya nake ce masa Yaya, ya zo mini da albishir. Wani kamfani da ke aikin hanya wajen Kebbe yana neman mai dafa wa injiniyoyinsa 'yan ƙasar waje abinci, shi kuwa shi ne mai yi musu cefane. Na yi murna har na yi masa addu'a da hawaye.

A ɗakin girkinsu na fara ganin tukunyar lantarki mai dafa abu a hankali. Da safe za ka zuba, ba za ka buɗe ba sai la'asar. Babban injiniyan ya nuna mini da hannu, Yaya yana fassara: a ɗan soya naman ya yi ja, a jera shi kan albasa, a kwaɓa zuma da ruwan tsamiya da tumatirin gwangwani da tafarnuwa a zuba a kai. Naman yankakke yake zuwa a ƙanƙare, kowane yanki da ƙashinsa a gefe, fari-fari da kitse. Na tambayi Yaya wane nama ne wannan, ya ce ɗan maraƙi ne na ƙasarsu, yankan Musulmi. Ban ƙara tambaya ba. Idan naman ya nuna, cokali kawai ke raba shi da ƙashi, ga zaƙi ga ɗan tsami. Ina ɗanɗanawa don jin gishiri, abin da suka rage kuma in zuba a kula in hau kabu-kabu in kai wa Inna. Ta daɗe rabonta da nama, sai ga wanda take iya ci da dasashi. Tana ci tana sa wa Yaya albarka.

Wata ranar Laraba wani direban tifa, Kirista ne mutumin Zuru, ya shigo neman ruwan sanyi ya tarar da cokali a bakina. Ya tsaya cak, ya ce, "Uwar gida, ke ba Musulma ba ce? Wannan fa alade ne." Ya ce shi yake ɗauko shi daga Abuja, kuma a gabansa injiniyan ya ce wa Yaya ya sanar da ni, in ba zan iya ba a ba wani wannan girkin. Na fita bayan ɗakin na yi ta amai.

Da na tare Yaya bai ko musa ba. Ya ce ya riga ya cika baki a gaban Turawan cewa ya kawo wadda ke dafa komai, in na ƙi girmansa zai zube. Sannan ya dube ni ya ce, "Ke da ba ki sani ba, mi naki na damuwa?" Na tuna masa Inna, wadda ta goya shi yana jariri. Ya kawar da kai.

Ranar na bar aikin. Malamin unguwarmu ya tabbatar mini ba ni da zunubi, ita ma Inna ba ta da shi. Na yarda, amma zuciyata ba ta huce ba. Inna ta yi ta tambayar naman nan mai laushi. Na sayo haƙarƙarin rago na dafa a kan garwashi da zuma da tsamiya tun safe, ta ci ta ce bai kai wancan ba. Har ta koma ga Allah ban gaya mata ba. Yaya ya zo gaisuwa, ya zauna cikin maza yana karɓar ta'aziyya, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Abin da na koya shi ne, baƙon da ba addininmu ɗaya ba ya tsare mini imanina, ɗan'uwana kuwa ya yi wasa da shi don kada a raina shi. 'Yan'uwana masu girki a gidajen mutane, duk abin da idonku bai gamsu da shi ba, ku tambayi mutum na biyu da na uku, ko da wanda ya fara ba ku amsa jininku ne. Kunyar tambaya ce ta sa na ciyar da uwata abin da har yau nake kasa faɗin sunansa.