Sandar Adashinmu a Teburin Banki

"Wannan itacen fa?" Haka Baturen banki ya tambaye ni yau a Comércio, unguwar 'yan kasuwa a wannan birni na ƙetaren teku, yana jujjuya sandar da na ɗora masa a tebur.

Rance na je nema in sayi kwalekwale, don dakon kaya daga jirgi ya cinye min baya. Ya ce in kawo shaidar ina cika alkawari, shi ne na kawo ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta adashinmu ce. Mu Hausawa tara muka yi shi, da shi muka fanshi kanmu daga bauta. Duk wanda ya yi zubi, Malam Garba zai yi masa tsaga a sandarsa. Duba, ban taɓa fashi ba."

"To, kira ɗayansu ya tsaya maka."

Sunayen suna bakina, mutanen ne babu. Biyar sun rasu, uku sun bi jirgin ruwan Ikko sun koma gida.

Ina juyawa wani ɗan kasuwar Ingila ya shigo, aka ba shi kujera tun bai faɗi sunansa ba.

Na koma unguwarmu Itapagipe a ƙafa ina dogara sandar. Wannan aikin dai tana iyawa.

Jama'a, in masu shaidarka sun ƙare, wa zai ce kai mai amana ne?