Hita ce ta ƙone, aka ce Tanko ne

"Shi ya ɗaure taraktar da asiri," in ji malamin gona, yana nuna Tanko, Bamagujen da muka je yi wa huɗa bayan Malumfashi. Ina direban tarakta lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba.

Kwana biyu ta ƙi tashi da safe, sai farin hayaƙi.

Na kwance hita, fulogan da ke ɗumama injin, na gwada su a batir. Uku suka yi ja, ta huɗu ko ɗumi.

"Malam, ga mai asirin nan," na ce, ina nuna masa hitar da ta ƙone.

"Kai dai canza mu wuce gonar Alhaji," in ji shi, yana nufin wani mai kuɗi da ke jiran mu.

Muka bar Tanko babu huɗa, babu ban haƙuri. Har yau abin yana ci mini rai.

Ku fa, wa kuka taɓa gani an ɗora wa laifin ƙarfe?