Shekarar da Shinkafa Ta Riƙa Guduna

Aikin albashi na farko da na yi a duniya hawan tsani ne. Wata ma'aikatar sayen hatsi ce ta ɗauke ni, a zamanin da Birnin Kebbi da Argungu suke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, lokacin da ko tsintsiya ce ta ƙare a ofis sai an rubuta Sakkwato an zauna jira. Ma'aikatar tana da rumbunan ƙarfe, wasu a bayan garin Birnin Kebbi, wasu a garinmu Argungu. Dogaye ne, kamar gwangwanin madara da aka ɗora wa malafa. Shanshera ake zubawa ciki, wato shinkafar da ba a casa ba. Aikina in hau can ƙololuwa, in ɗaga murfi, in zura tef na ƙarfe har ya taɓa shinkafa, in faɗi zurfin wurin da babu komai. Da wannan shugaban sito yake lissafa buhu nawa suka rage a ciki.

Mahaifina ya yi murna da aikin, don a ganinsa gado na ci gaba da shi. Manomin shinkafa ne a fadama, kuma a gidanmu babban ɗa ne yake hawa rumbun laka ya buɗe, ya ɗebo abin da za a casa. Ni ne babba. Tun da ƙafata ta iya tsani ba wanda ya ƙara leƙa rumbun nan sai ni, ko shi kansa Baba tambayata yake yi abin da ke ciki. Ban san ina alfahari da wannan ba sai da na rasa shi.

Mu biyu ne masu awo, ni da wani mutumin Ambursa, dogo, mai yawan dariya. Ni kuwa gajere ne, na ɗauko wajen uwa. Karɓa-karɓa muke yi: makon da nake Birnin Kebbi yana Argungu, makon da ya biyo mu sauya. Saboda haka ba mu taɓa hawa rumbu tare ba, iyakarmu gaisuwa a bakin motar ma'aikata.

Ana nan sai tef ɗin Birnin Kebbi ya yi tsatsa ya karye, na Argungu kuma dama ya daɗe da shafewa, ba a ganin lambobinsa. Aka rubuta Sakkwato. Shugaban sito mutum ne mai tumbi, ko an yi masa kyautar rumbun ba zai hau tsanin nan ba. Ya tara mu ya ce, "Ba ku taɓa auna rijiya ba? Ku samo igiya. Ku hwaɗa min gaba nawa, ni na san yadda nika yi da ita."

Na je wajen masunta a Argungu na samo igiya biyu, na ɗaura wa kowace dalma irin ta taru, wato babbar komar kamun kifi. Mu zura, in dalma ta zauna a kan shinkafa mu jawo, muna buɗe hannuwa daga yatsa zuwa yatsa muna ƙirgawa, yadda kowa ya taso ya ga ana auna rijiya. Shugaba yana ƙasa cikin inuwa, ya mai da kowace gaba ƙafa shida, ya fitar da buhunansa. Duk muka ga dabara ta yi.

Ba a jima ba ya kira ni. Ya ce awona na rumbun farko ya nuna an yi giɓi mai yawa, alhali tun makon jiya ba a fitar da ko kwano ɗaya ba. Na koma na hau, na sake aunawa, na kuma sakewa, abin da na samu shi na samu. Aka tsare masu gadi da tambaya, suka yi ta rantsuwa. Mako ya zagayo, na tafi Argungu, mutumin Ambursa ya zo Birnin Kebbi ya hau, ya faɗi nasa. Shinkafa ta dawo cif. Ni kuma ina sauka Argungu na auna rumbun da ya bari lafiya lau, sai ga giɓi.

Shugaba ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, ƙaƙa za a yi shinkahwa ta ragu ga hannunka, in abokinka ya zo ta komo? Ƙahwa gare ta?"

"Ranka shi daɗe, abin da igiya tab ba ni shi nika hwaɗi."

"To igiyar ga da kai ɗai taka gaba?"

Kaina ya kulle. Da ɓarawo ne, ai ɓarawo ba ya mayarwa. Da ɓera ne ko gara, su ma ba su san ranar da nake shiga mota ba. Na ce ko tudun da shinkafa take yi a tsakiya ne yake ruɗa ni, na riƙa zura igiya ta gefe, na koma ta tsakiya, duk ɗaya. Na kwaɓa laka na liƙe bakin ƙofar fitarwa, na danna babban yatsana a kai. Na dawo na tarar da lakata ko tsagewa ba ta yi ba, shinkafa kuma ta tafi yawonta. Har zargin mutumin Ambursa na yi, na ce ko ƙarya yake shirgawa don a yabe shi. Na tare shi a bakin mota, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi wallahi abin da ya ƙirga yake faɗi. Na san kuma ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, duk sa'ad da aka sayar da kaya rumbu ya yi ƙasa, giɓina ƙaruwa yake yi. Yau in na tuna cewa a cikinmu duka ba wanda ya yi tunanin ɗaura ko ƙulli ɗaya a jikin igiyar nan, sai in ji kamar in mari kaina.

Leburori ne suka fara samo wa abin suna. Ba su ce ni ɓarawo ba ne, sun ce farar ƙafa gare ni, abin da na saba ji ana jifan mata da shi. Da wasa aka fara. In na shigo sito sai wani ya rungume buhunsa ya ce a yi hattara ga shi nan. Mai tuwon bakin ƙofa ta riƙa rufe tukunyarta in ta hango ni, tana dariya, amma dai tana rufewa. Direban motar ma'aikata shi ya kai labarin Argungu, kuma labari irin wannan ba ya bukatar a taya shi yawo.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya kira ni zaure.

"Mi nika ji ga bakin mutane? Ka ɗauka?"

"Wallahi Baba ko tsaba guda ban ɗauka ba."

"Na sani," in ji shi. Ya daɗe yana kallon tabarma. "Da ɗauka kay yi, da abin ya zo da sauƙi, sai a maida. Wagga ba ɗauka ba ta."

Na zo da shirin kare kaina daga zargin sata, sai na tarar an wanke ni daga sata an saka ni a abin da ba shi da rantsuwa. Baba ya karɓo min rubutu wajen wani malami abokinsa, na sha, na shafe ƙafafuna da sauran kamar yadda aka ce. Na koma aiki da ƙarfin gwiwa na zura igiya. Shinkafa ba ta san na sha rubutu ba.

Zuwana gida na gaba ya dace da ranar buɗe rumbu. Na tuɓe riga na nufi tsani kamar kullum. Baba ya ce, "Zamna nan. Kai ma'aikaci na yanzu, kak ka ɓata tuhwahinka." Ya ƙwala wa ƙanena kira. Na zauna a kan turmi ina kallon ƙanena yana hawa, bai ma san ta inda ake ɗaga jinkar ba. Ba wanda ya dube ni, kuma na san da gangan ne ba a dube ni ba. Ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba. Na yi fushi da Baba, amma fushin bai samu wurin tsayawa ba, don ni kaina na fara tambayar kaina ko gaskiyarsu ce.

Daga ƙarshe maganar ta kai Sakkwato, aka turo mai bincike. Siriri ne, ba ya tsoron tsani. Ya ce a kawo masu awon duka biyu, mu hau tare. Mutumin Ambursa ya zura igiya ya jawo, ya ƙirga gaba biyar. Na karɓa na zura a wuri guda, na ƙirga shida saura kaɗan. Na ce shi ke nan, yau a gaban baƙo ma ta gudu, kuma ko sauka ba mu yi ba.

Mai binciken ya dube ni, ya dubi abokina. Ya ce mu juya wa juna baya mu buɗe hannuwa. Muka buɗe. Yatsuna a wajen tsintsiyar hannunsa suka tsaya, ta dama da ta hagu. Mai binciken ya zauna daɓas a kan rufin ƙarfe mai zafi yana dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba. Ban ma gane nan take ba, sai da ya yi min bayani kamar mai koya wa yaro alif: mai gajeren hannu sai ya buɗe sau da yawa kafin ya cinye igiya, shugaba kuma a ƙasa yana ba kowace buɗawa ƙafa shida. A duniyar da na taso gaba gaba ce, ban taɓa jin an tambayi ta wa ba.

Na shiga mota zuwa Argungu kamar zan tashi sama. Na tsaya a tsakar gida na jawo ƙanena, na nuna wa Baba da igiyar guga. Ya kalla da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce Allah shi kyauta. Na ga alamar ya fara saukowa, na ce nan da buɗe rumbu na gaba an gama.

Sai dai mai binciken, don ya rufe magana, ya sa an kwashe rumbun farko kaf an zuba a buhu. Abin da ya fito bai kai lissafin mutumin Ambursa ba. Bai ma kai nawa ba, ni da ake cewa ina ragewa. Aka sabunta tef aka gwada, lissafi ya ce dogon ne ya fi kusa da daidai, buhuna kuma suka ce ko ni na yi wa rumbun kara. Mai bincike ya ce shanshera tana bushewa ta yi sauƙi, ga ramin da take yi a tsakiya in ana ja ta ƙasa, ga ƙwari, ga ƙura. Na yarda da shi, ina jin har yau na yarda. Amma direba bai ɗauki bushewa da rami ya kai Argungu ba. Abin da ya kai shi ne an buɗe rumbun da nake aunawa an tarar ya fi yadda ake tsammani ramewa. A ofis an wanke ni tas, a gida kuwa Baba bai ƙara tayar da maganar ba, ƙanena ya ci gaba da hawa.

Na yi shekaru a wannan aiki da tef mai lamba, ba a ƙara samun giɓi a hannuna ba. Na yi aure, na samu 'ya'ya, mai tuwo ta daina rufe tukunya. Duk da haka in na shiga gidan mutum na ga buhunsa a jingine, sai in sami kaina ina kewaye shi. Na san dalilin abin da ya faru, zan iya zana shi a ƙasa da tsinke. Sanin bai taɓa sauka daga kaina ya isa ƙafafuna ba.

Wata damina da ta yi nisa, Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ƙanena kuma ya yi tafiya. Ruwa ya yi gyara a fadama, kowa yana lissafin ko abincinsa zai kai kaka. Na zo gaishe shi na same shi zaune a gindin rumbu. Muka gaisa. Can ya ce, "Hau ka dubo muna. In ji ko muna kai kaka."

Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Na tuɓe riga na kama tsani. Na kai sama na ɗaga jinka, ƙamshin shanshera ya bugi hancina. Sai na ji wuyana ya juya da kansa. Na kafa ido a kan bishiyar maƙwabta, na kasa duba cikin rumbun. Abincin gidanmu ne gaba ɗaya a ciki, kuma idan fa gaskiyarsu ce?

"Akwai?" in ji Baba daga ƙasa.

"Akwai, Baba."

"Tana kai mu?"

"Tana kai mu, in Allah ya so."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "To ruhe maza ka sabko."

Na rufe maza, na sauko.